Maganar Sa Wa Harsashi Lamba

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya haramta zubar da jini ba bisa haƙƙi ba, Ya kuma haramta ɗora wa mutum laifin da bai yi ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata gardama da mutanen Amurka suka yi kimanin shekara ashirin suna yi, har yau ba su kai ƙarshenta ba, watau ko ya kamata gwamnati ta tilasta wa masu ƙera harsashi su sa masa lamba, a kuma rubuta sunan wanda ya saya. Watakila mai karatu ya ce, ina ruwan malami a zaurensa, ko falke a rumfarsa, da gardamar mutanen da ke bayan teku? To, da ruwansu, domin abu uku ne suka haɗu a cikinta: jini, da ciniki, da shaida. Na farko ya shafi kowa, na biyu fatake suka fi kowa saninsa, na uku kuwa babi ne da malamai ke karantarwa kullum.

Da farko sai a san halin ƙasar. Tun 1791 aka rubuta a cikin tsarin mulkinsu cewa jama'a suna da haƙƙin mallakar makami, a 2008 kuma kotun ƙoli ta yanke cewa wannan haƙƙi na kowane mutum ne a kan kansa, ba sai yana cikin wata runduna ba. Wata cibiyar ƙididdigar makamai da ke ƙasar Suwizalan, mai suna Small Arms Survey, ta kimanta cewa a 2017 akwai bindiga miliyan 393 a hannun farar hula a Amurka, watau bindigogin sun fi mutanen yawa. A 2021 mutum 48,830 ne harbin bindiga ya kashe a ƙasar. Daga cikinsu 26,328 su suka kashe kansu, wa'iyazu billahi, 20,958 kuwa kashe su aka yi. Daga 2020 zuwa 2022, kusan rabin kisan kai da aka yi ba a kai ga kama wanda ya yi ba. Wannan shi ne ciwon da ake nemar wa magani.

Ita bindiga an daɗe da sa mata lamba. Dokar da majalisar ƙasa ta yi a 1968 ta wajabta wa kowane maƙeri mai lasisi ya buga lamba a jikin duk bindigar da ya ƙera, mai kanti kuma ya ajiye littafin waɗanda suka saya. Sai dai bindiga ba ta zama a inda aka yi ɓarna, takan bi mai ita ta tafi. Abin da ke saura shi ne harsashi. Wanda ya saba da adaka, wadda maharbi ke ɗura wa albarushi ta baki, sai ya sani harsashin zamani abu huɗu ne aka haɗa wuri guda: kwanso na tagulla, da albarushi a cikinsa, da ƙwayar dalma a bakinsa, da wani ɗan abu kamar ƙyastu a gindinsa, wanda in ƙusar bindiga ta doke shi yake kunna albarushin. In an harba, ƙwayar ta fita ta bakin bindiga, kwanson kuwa yawancin bindigogin hannu na yanzu sukan tofar da shi ƙasa.

Shawarar da aka kawo ita ce a yi amfani da wani haske mai ƙuna da ake kira lesa, a zana 'yar lamba a gindin ƙwayar da jikin kwanson. Duk harsasan da ke cikin kwali guda lambarsu ɗaya, a rubuta ta a bayan kwalin. Wanda ya zo saye ya nuna takardar shaidarsa, mai kanti ya shigar da sunansa da lambar kwalin a rajistar gwamnati. Ran da aka tsinci kwanso kusa da gawa, sai ɗan sanda ya duba lamba, ya buɗe rajista. A 2005 wani ɗan majalisar dattawa na Jihar Kalifoniya, Joe Dunn, ya gabatar da irin wannan shawara a kan harsashin bindigogin hannu, babban lauyan gwamnatin jihar na lokacin, Bill Lockyer, ya goya masa baya. Ta wuce a majalisar dattawan jihar, amma ta maƙale a ɗaya majalisar. Wajen 2008 aka sake kawo irinta a majalisun jihohi da dama, ko guda ba ta zama doka ba. A 2016 aka tada ta a Jihar Illinois, inda birnin Shikago yake, nan ma ba ta wuce ba.

Kada a rikita ta da wata dabara 'yar'uwarta, wadda ake zana lambar a kan ƙusar bindiga, ta riƙa buga ta kamar hatimi a gindin kowane kwanso. Wannan kam Kalifoniya ta yi mata doka a 2007, zamanin Gwamna Arnold Schwarzenegger, ta fara aiki a 2013, sai manyan kamfanonin bindiga irin su Smith & Wesson da Ruger suka ce a 2014 ba za su yi ba. Ƙin da masu bindiga suka yi wa dabarun biyu kusan iri ɗaya ne.

Su masu bindiga ba bakinsu ɗaya ba. Akwai manomin da gonarsa ke nesa da ofishin 'yan sanda, akwai mafarauci, akwai mai harbin wasa, akwai matar da ta sayi bindiga don tsoron mai bibiyarta. Binciken da cibiyar Pew ta yi a 2017 ya nuna kashi 77 cikin 100 na masu bindiga sun yarda a riƙa binciken halin mai saye ko da a cinikin mutum da mutum ne, kashi 54 kuma sun yarda gwamnatin tarayya ta ajiye lissafin cinikin bindigogi. Amma ƙungiyoyin da ke magana da yawunsu, watau NRA wadda aka kafa a 1871, da NSSF ta masu sana'ar, sun tsaya kai da fata a kan ƙin lambar harsashi. Hujjojinsu huɗu ne, adalci kuwa shi ne a ji su kafin a yi hukunci.

Ta farko ta kasuwa ce. Suka ce masana'antun ƙasar biliyoyin harsasai suke fitarwa a shekara, inji yana zubo su kamar yadda injin niƙa ke zubo gari, babu mai tsayawa ya ware wannan daga wancan. In aka ce kowane kwali mai harsashi hamsin sai an tabbata lambar ƙwaya ta dace da ta kwanso, ta kwanso ta dace da ta kwali, to, aikin yini zai koma na makonni, farashi ya hau, talaka ya kasa saye, mai kuɗi bai ji komai ba. Masu shawarar sun amsa cewa ƙarin bai taka kara ya karya ba. Sai masu bindiga suka ce a duba wanda ke faɗin haka: wani kamfani ne na birnin Seattle, mai riƙe da takardar mallakar wannan fasaha, shi ke yawo da shawarar majalisa majalisa, in kuwa ta zama doka shi zai riƙa karɓar la'ada a kan harsashin da aka sa wa lamba. Duk falken da ya taɓa ganin an ba mutum guda ikon sayar da haja shi kaɗai, ya san abin da ke biyo baya.

Ta biyu, suka ce ɓarawo ba ya zuwa kanti da takardar shaidarsa. Sata zai yi, ko ya aiki wani ya sayo masa, ko ya tsallaka jihar da ba ta da dokar. Harsasan da aka riga aka sayar, marasa lamba, sun cika gidaje, shi kuwa harsashi in an adana shi da kyau yakan yi shekaru masu yawa bai lalace ba. Waɗansu daga cikin shawarwarin 2008 sun ce a sa wa'adi, bayansa kowa ya rabu da tsohon harsashinsa, abin da masu bindiga suka ɗauka ƙwace ne ba diyya. Sa'an nan akwai masu ɗura harsashi da kansu a gida, waɗanda kan tsinci kwanso a filin koyon harbi su sake cika shi, har sau da dama. Kwanson da wane ya saya da sunansa yana iya komawa bindigar wani da bai taɓa gani ba. Mafi muni, mugu yana iya tsintar kwanson bawan Allah ya watsa a inda ya yi kisa, gari ya waye 'yan sanda suna sallama a ƙofar wanda bai ji ba bai gani ba.

Ta uku, suka ce an gwada irinsa an gani. Dokar 1968 ta sa masu kanti rubuta sunan mai sayen harsashi, aka yi shekara 18 ana cika littattafai, a 1986 majalisa ta soke sharaɗin, bayan hukumar da ke kula da sha'anin ta yarda amfaninsa kaɗan ne. Jihar Maryland kuma a 2000 ta ce duk sabuwar bindigar hannu sai an kawo wa 'yan sanda kwanso guda da aka harba da ita, a ɗauki hotonsa a ajiye. Aka tara fiye da 300,000, aka kashe wajen dala miliyan 5, a 2015 aka soke dokar ba tare da an nuna kisa guda da wannan taska ita kaɗai ta tona asirinsa ba. Suka ƙara da cewa fiye da rabin masu mutuwa da bindiga su suka kashe kansu, lamba ba ta da abin da za ta yi musu.

Ta huɗu ita ce uwar sauran, watau tsoron hukuma. Wanda ya san mai sayen harsashi ya san mai bindiga, ya san irinta, ya san gidansa. Dokar 1986 ta hana gwamnatin tarayya kafa rajistar masu bindiga, suna ganin lambar harsashi hanya ce ta zagaye wannan hani ta bayan fage. Sukan kawo misalin Birtaniya, inda bayan kisan 'yan makaranta a garin Dunblane a 1996 aka hana bindigogin hannu a 1997, aka bi takardun lasisi aka karɓe su. Sukan kawo na Ostireliya, inda bayan kisan Port Arthur a 1996 gwamnati ta karɓi bindiga wajen 650,000 tilas, ta biya masu su, ta lalata. Abin da suke nufi shi ne abin da Bahaushe ke cewa, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

To, in an ɗora waɗannan hujjoji a ma'auni, ba duka ke da nauyi ɗaya ba. Malamai sun san tasarrufin shugaba a kan talakawansa ana auna shi da maslaha, ba a kuwa ɗora wa jama'a wahala tabbatacciya saboda amfanin da ba a tabbatar ba. Dokar jiha guda a ƙasa mai jihohi 50, babu shinge tsakaninsu, tamkar rufe ƙofar gari ce alhali ganuwa ta zube. Raba mutum da abin da ya saya da halalinsa ba diyya zalunci ne, ko wa ya yi shi. Ɗaure jama'a duka ga hajar kamfani guda shi ma abin ƙi ne. A waɗannan wurare gaskiya tana wajen masu bindiga.

Amma maganar watsa kwanso, wadda suka fi ji da ita, ba ta kai inda suke kai ta ba, domin ta haɗa abu biyu da malaman fiƙihu suka daɗe da rarrabewa, watau bayyina da alama. Bayyina, wadda ita ce shaidar adalai, ko kuwa iƙirarin mai laifi, da su ake yanke hukunci. Alama kuwa, wadda ake kira ƙarina, nuni ce ga alƙali inda zai dosa da bincike. Ƙissar Annabi Yusufu, alaihissalamu, ta isa misali. 'Yan'uwansa sun shafa wa rigarsa jinin ƙarya sun kai wa mahaifinsu, wannan ita ce alamar da mugu ya dasa. Malaman tafsiri sun ce Annabi Yaƙubu ya lura rigar ba ta yage ba, ya gane kerkeci ba ya cin mutum ya bar rigarsa lafiya. Daga baya kuma, a gidan Azizu na Masar, rigar da aka tsaga ta baya ita ta wanke shi daga ƙazafi. Ba wanda ya ce tun da an yi ƙarya da rigar farko a daina duban riguna, abin da aka koya shi ne a duba da kyau. Ibnu Farhun ya ware babi a cikin Tabsira a kan hukunci da alamomi. Almajirin da ya karanta babin jini a Risala kuwa ya san ko lausu, wanda ya fi lamba ƙarfi nesa ba kusa ba, ba a kashe mutum da shi sai an haɗa da rantsuwa hamsin. Saboda haka lambar harsashi iyakarta ta nuna wa ɗan sanda inda zai fara tambaya. In aka rubuta a cikin dokar cewa lamba ita kaɗai ba ta isa a ɗaure mutum ba, yawancin wannan tsoro ya kau.

Cewa ɓarawo ba ya bin doka kuwa, in an karɓe ta yadda take, babu dokar da za ta tsira. Ɓarayin shanu sukan ɓata shaidar da ke jikin sa, ɓarayin mota sukan canja lamba, amma ba a taɓa jin makiyayi ko direba ya ce a bar sa shaida ba. Ba duk mai kisa ne gwani ba, da yawa fushi ne ya ɗebe su, ba su tsaya goge komai ba. Wanda aka aika ya sayo wa mugu harsashi, in ya san sunansa zai fito, jikinsa zai yi sanyi. Kwatanta lamba da littafin 1968 ƙiyasi ne da bai daidaita ba, domin wancan littafi yana da sunan mai saye, amma harsashin ba shi da alamar da za ta mai da shi ga sunan. Tamkar falke ne ya rubuta sunayen masu bashi, bai rubuta abin da kowa ya ɗauka ba. Na Maryland ma hoton ƙarce-ƙarcen da bindiga ke bari a jikin kwanso aka tara, wanda sai an kwatanta da kyar, lamba kuwa karanta ta kawai ake yi.

Tsoron hukuma ba abin dariya ba ne, al'ummai da yawa sun ga abin da mai mulki kan yi in sunayen mutane suka shiga hannunsa. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ita kanta kotun ƙolin da ta tabbatar musu da haƙƙi a 2008 ta ce haƙƙin yana da iyaka, ba ta kuma rushe sharuɗɗan da aka gindaya wa cinikin makamai ba. Bindigogin kanti suna ɗauke da lamba fiye da shekara hamsin, wannan bai hana mutanen ƙasar tara miliyan 393 ba. Wanda ya ce jinin mutum 20,958 a shekara guda bai kai a nemi wata dabara ba, shi ma sai a tambaye shi hujjarsa.

Sai dai akwai tambayar da ɓangarorin biyu ba su cika tsayawa a kanta ba, alhali ita ta fi amfani: a kan harsashin wa za a fara? Ƙasar Burazil, a Amurka ta Kudu, ta ba da amsa. Dokarta ta Disamba 2003 ta ce harsashin da za a sayar wa 'yan sanda da sauran ma'aikatan tsaro sai an buga lambar rukuni a gindin kwansonsa, yadda za a san hukumar da ta saya, rundunar soja kuma ta ƙayyade kada rukuni ya wuce harsashi 10,000. Watau kamar lambar dila ce, wadda duk turamen da ke cikinta suke tarayya a kanta. A watan Agusta 2011 aka harbe wata alƙaliya, Patrícia Acioli, a ƙofar gidanta a birnin Niterói, da harsashi 21. Ta yi suna wajen ɗaure 'yan sandan da ke kashe mutane ba bisa ƙa'ida ba. Kwanson da aka tsinta ya nuna rukunin da aka saya wa 'yan sandan Jihar Riyo, aka bi sawu zuwa bataliyar São Gonçalo, garin da take shari'a. Aka haɗa da bayanan waya da iƙirarin ɗayansu, aka ɗaure 'yan sanda 11, har da kwamandansu. Alama ta nuna ƙofa, iƙirari da sauran hujjoji suka gama aiki.

Misali na biyu ya nuna inda abin kan ɓaci. Ran 14 ga Maris 2018 aka kashe Marielle Franco, 'yar majalisar birnin Riyo de Janero, tare da direbanta Anderson Gomes. Kwanson yana ɗauke da lamba UZZ-18, rukunin da aka sayar wa 'yan sandan tarayya a 2006. Amma wannan rukuni, maimakon 10,000, ya kusa miliyan biyu, an kuma rarraba shi ko'ina cikin ƙasar. Saboda haka lambar ta tabbatar rumbun gwamnati yana yoyo, ba ta iya nuna wanda ya huda shi ba. Tsofaffin 'yan sanda biyu da suka yi kisan ta wata hanya aka kama su a 2019, aka yanke musu hukunci a 2024.

Darasin a fili yake. Harsashin hukuma da dukiyar baitulmali aka saye shi, amana ne a hannun ma'aji, ba wanda zai ce an taɓa masa haƙƙi in an sa masa alama. Mai saye guda ne, yana saye da yawa, littafi kuma yana nan tun asali, don kowace runduna tana rubuta abin da ta karɓa. Hujjar tsadar talaka da ta tsoron rajista ba su hau wannan ba ko kaɗan. Ya zo a hadisi ingantacce cewa Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, ya iske Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, da ƙarfen lalas a hannunsa yana yi wa raƙuman zakka shaida. Hikimar, kamar yadda malamai suka bayyana, ita ce dukiyar jama'a ta bambanta da ta ɗaiɗaikun mutane, in ta ɓata a gane ta a mai da ita. Gwamnatin da ke son talaka ya yarda a rubuta sunansa, sai ta fara nuna masa ta iya lissafin abin da ke rumbunta. Gaskiya ne a Amurka harsashin ɓarna daga kanti ya fi fitowa, ba daga bariki ba. Duk da haka farawa da na hukuma shi zai nuna tsadar aikin ta haƙiƙa, da ko lambar tana jure harbi, a daina gardama a kan ƙiyasin kamfani da na ƙungiya.

A nan ne maganar ta iso ƙasar Hausa. A Nijeriya ba a ba farar hula haƙƙin bindiga irin na Amurka ba. Dokar Makamai ta 1959 ta ce sai da lasisi, bindigar yaƙi kuwa tana cikin waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa. Amma mutanen Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna, da na Maraɗi a ƙetaren iyaka, sun san ƙararta. Fatake sun san hanyoyin da suka daina bi bayan la'asar, malamai sun san almajiran da garuruwansu suka tashi. Maƙerin ƙauye yana iya ƙera adaka, amma harsashin AK-47 sai masana'anta. Kowane ɗaya da aka harba a daji, wata hukuma ko wani dillali mai lasisi ne ya fara karɓarsa, a wannan ƙasa ko a wata, kafin ya ɓace. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yarjejeniyar ECOWAS a kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2006, ta fara aiki a 2009, ta riga ta ce harsashi ya ɗauki lambar rukuni, da sunan maƙeri, da ƙasa, da shekarar ƙira. Nijeriya tana da masana'antar makamai ta kanta, DICON, a Kaduna tun 1964. A Disamba 2023 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wani tsari na kula da harsashi tun daga ƙira har ƙarshen amfaninsa. Rubutu dai an yi shi. Abin da talaka ke buƙata shi ne rukuni ƙanana, da littafi mai sunan wanda ya karɓa, da mai binciken da zai tsinci kwanso bayan hari ya bi sawunsa, ko da sawun ya kai shi bariki.

Su kuwa mutanen Amurka, abin da ya fi kusa da daidai shi ne masu son doka su bar maganar raba mutane da tsohon harsashinsu, su bar ɗaure jama'a ga kamfani guda, su fara da harsashin 'yan sanda da na soja har shekaru su nuna amfani da tsada a fili. In ya yi amfani, a zo wa talaka da lissafi a hannu, a kuma rubuta masa cewa ba mai buɗe rajista sai da izinin alƙali. Masu bindiga kuma su daina ɗaukar kowace alama a kan farkon ƙwace, domin wanda ya hana a gwada abu, sa'an nan ya ce ba ya aiki, bai yi adalci ba. Uwar da aka kashe wa ɗa a Shikago ba a kama kowa ba tana da haƙƙi. Mutumin kirkin da za a iya tuhuma bisa kuskure shi ma yana da haƙƙi. Shari'a kuwa ba ta biyan ɗaya da zaluntar ɗaya.

Allah Ya kiyaye jinin bayinSa a duk inda suke, Ya ba shugabanni ikon riƙon amana, Ya mai da waɗanda aka kora garuruwansu lafiya. Amin. Haza wassalamu.